Wa Ya Fasa Adakar?

Kafin a kai yaron asibiti a Kafanchan, labari ya riga ya rabu gida uku. Masu zaman teburin shayi suka ce maƙeri ne ya yi ha'inci. Matan unguwa suka ce jifa ne, tunda kowa ya san rigimar iyakar gona da ke tsakanin gidan su yaron da maƙwabtansu. Tsofaffin maharba kuwa ba su wahalar da bakinsu ba, cewa kawai suka yi ɗan koyo ya cika wa bindiga ciki. Abin da babu gardama a kansa shi ne, adaka ta fashe a hannun ɗan ƙanwata a gonarsa ta masara da ke gindin duwatsun Kagoro, ta tafi da yatsu biyu na hannun hagu, ta tsaga masa kunci. Allah Ya tsare idanu.

Ni ba maharbi ba ne, kuma da zancen ya tsaya kan maƙeri, da na bar shi ya mutu don kansa. Maganar jifan ce ta tayar mini da hankali. A kudancin Kaduna mun ga abin da jita-jita ke haifarwa in aka bar ta ta kwana. Shi ya sa na bi gonar da buhu, na tsince duk guntun ƙarfen da idona ya gani.

Ba adaka yaron ya fara so ba. Birai ne suka dame shi. Da masara ta yi goyo sai su sauko daga dutse garke guda, kuma duk wanda ya taɓa gadin gona a nan ya san ihu da majajjawa ba su daɗe suna ba biri tsoro. Wata rana ya zo mini da waya a hannu, ya nuna mini wasu Amurkawa suna harba tsohuwar libarba irin ta ɗuri, mai ganga mai juyawa da rami shida. Kowane rami a zuba masa albarushi, a danna ƙwallon dalma, a kafa 'yar hular tagulla a bayansa. Zuriyar ƙirar da Samuel Colt ya yi wa rajista ce a 1836, wadda ta yi tashe da samfurin 1851, aka kuma yi yaƙin basasar Amurka da ita daga 1861 zuwa 1865. Har yau kamfanonin Italiya irin su Uberti da Pietta suna ƙera kwafinta saboda masu sha'awar kayan da.

"Kawu, harbi shida fa ba tsayawa," in ji shi.

Na ce masa ya cire ransa. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta kasa su kashi uku. Kashi na farko haramtattu ne, lasisinsu sai daga Shugaban Ƙasa, kuma a nan aka jera libarba da fistol tare da makaman soja. Tsufan ƙira bai cece su ba, don dokar ta ambaci har fistol mai ƙanƙara da mai hula. Kashi na biyu su ne irin bindigar farauta mai cin kwanso, waɗanda ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku adaka da danginta na ɗuri ta baki, waɗanda sha'aninsu ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ko da ma babu doka, gajeriyar bindiga ba ta da abin da za ta yi wa birin da ke zaune kan dutse can nesa yana kallonka. Haka ya haƙura, ya sayi adaka ta hannu daga wani dattijo da ƙafa ta hana shi shiga daji. Bindiga ce sananniya, ta yi shekaru tana tashi a bikin Afan, wanda ake yi ranar 1 ga Janairu a Kagoro in an gama girbi za a buɗe farauta. Dattijon ya harba ta a gabansa, ya haɗa masa da ɗan mudun ƙaho na awon albarushi, ya koya masa ɗuri.

To, bindigar da ta yi wannan shekaru lafiya, me ya same ta a harbin farko na sabon mai ita?

Buhun na kai wa sarkin maharban yankinmu, wanda kowa ke ce wa Baba. Kafin ya koma daji gaba ɗaya, ya yi aikin reluwe a shagon gyaran injuna na Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos tun wajen 1927. Ya san ƙarfe ke nan ta fuska biyu. Ya zazzage buhun a tabarma, ya jera gutsattsarin yadda suke kafin su rabu, ya daɗe bai ce uffan ba.

Da maƙeri ya fara. Ya ɗauki gindin bututun ya nuna mini toshiyar da ke rufe shi ta baya. "In maƙeri ya ci amana, nan ake kama shi," in ji shi. Toshiyar da ba ta kamu ba takan fita ta baya, ta nufi fuskar mai harbi. Wannan tana nan daram. Sai ya duba ko bututun famfo ne, irin mai ɗinki a jiki, wanda in ya fashe yakan tsage a miƙe ya bi layin waldarsa. Ba shi ba ne. Ƙarfe ne mai kauri marar ɗinki, kuma ya yage ne a karkace, guntu-guntu. Daga nan ya karkata wani guntu zuwa hasken rana ya ce in duba bakin karayar. Fari ne sol daga ciki har waje. Tsohuwar tsaga da ta daɗe tana cin ƙarfe takan bar tabon tsatsa, a ga inda ya yi duhu da inda ya karye sabo. Nan babu duhu ko kaɗan. Lafiyayyen ƙarfe ne aka fi ƙarfinsa a lokaci guda.

Ba wai ina wanke maƙera gaba ɗaya ba ne. A Ingila tun 1813 akwai gidan gwaji a Birmingham, inda ake ɗura wa bututu fiye da abincinsa a harba, in ya tsira a buga masa hatimi. Namu maƙerin, in mai tsoron Allah ne, iyakarsa ya ɗaure bindiga a jikin bishiya ya ja kunama da igiya daga nesa. Amma a wannan shari'ar dai maƙeri ya fita.

Sai na kawo nawa zaton, wanda na zo da shi tun daga gida ina ji da shi. Zanzaro. Damina ce, bindigar kuma a bukkar gona take rataye, ga shi zanzaro ba ya ganin rami ya ƙyale. Baba ya gyaɗa kai, ya ce ya taɓa ganin bindigar da gidan zanzaro ya kashe. Sai dai abu biyu sun hana. Na ɗaya, bututun da ya toshe a daidai toshewar yake kumbura ya fashe, wato can wajen baki, ya ɗaye kamar ɓawon ayaba. Wannan kuwa gabanta duk lafiya lau, a gindi ta tarwatse. Na biyun ma ya fi sauƙi.

"Yaushe ya ɗura ta?"

"Da safen nan, Baba."

"To ta ina albarushin ya bi? Ta ina sandar ɗuri ta wuce?"

Bindigar da ake ɗurawa ta baki ba ta ɓoye toshewa sai in an ɗura ta an ajiye. Zanzaro ma ya fita.

Saura zancen maharba, cika ciki. Su da yatsu suke awo: in an gama ɗuri a zura sanda, a ga yatsa nawa ta rage a waje. Baba ya ce mu ɗauka ma yaron ya ninka mudun. Baƙin albarushi in ya yi yawa yakan fasa raunanan bututu, wannan gaskiya ne, amma a mai kauri irin wannan abin da aka fi gani shi ne bindiga ta yi harbin jaki a kafaɗa, ta tofar da ragowar da bai gama ci ba ta baki da tartsatsi. Akwai kuma kuskuren da ya fi kama 'yan koyo, wato rashin danna dalma ta zauna kan albarushi, a bar fili a tsakani. Shi ma yana da shaidarsa, ƙullutu mai zagaye a jikin bututu daidai inda dalmar ta tsaya. Baba ya shafa ragowar bututun daga farko har ƙarshe, bai ji komai ba.

A nan ne gabana ya faɗi. Ba maƙeri ba, ba zanzaro ba, ba cika ciki ba. In na koma gida da wannan, ai na ƙara wa masu zancen jifa hujja ne kawai.

Baba bai damu ba. Ya yagi farin tsumma ya naɗa a kan sanda, ya zura cikin bututun ya juya, ya zaro. Da ƙyar tsumman ya yi ɗan toka-toka. Ya goga wani a cikin gutsattsarin gindin, shi ma haka. Ya kai hanci ya shinshina, sannan ya ce a kira masa ƙanwar yaron, wadda ta kai abinci gona, abin ya faru a kan idonta.

"'Yata, ƙarar da kika ji, irin ta ranar Afan ce?"

"A'a, Baba. Ta Afan dimm take yi, har cikin ciki. Wannan tas ta yi."

"Hayaƙi fa?"

Ta yi shiru tana tunani. "Ban ga hayaƙi ba. Ƙura ce kawai."

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindiga a hawan sallar Zazzau ko a filin Afan ya san abin da wannan amsar ke nufi. Baƙin albarushi haɗin gawayi ne da farar wuta da wani gishiri mai ciyar da wuta. In ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, sai dai ya zama farin hayaƙi mai rufe mai harbi, da baƙin dauɗa mai manne wa cikin bututu. Farar wutar ce ke ba shi warin ruɓaɓɓen ƙwai. Dauɗar nan kuma tana jan danshi, shi ya sa maharbin kirki ke wanke bindigarsa da ruwan zafi a ranar da ya harba, in ba haka ba tsatsa ta cinye ta a damina ɗaya. Harbi guda ya isa ya mai da farin tsumma baƙi ƙirin. Bindigar da ta tashi ba hayaƙi, ba wari, ba dauɗa, to ba albarushin da muka sani ta ci ba.

Aka aiki yarinyar bukka ta ɗauko kwalbar albarushin yaron. Baba ya zuba kaɗan a tafin hannu. Ƙwayoyi ne 'yan mitsi-mitsi, fale-fale, ruwan toka, da ɗigon wani launi jefi-jefi. Ya murza, hannunsa bai yi baƙi ba. Ya ciro nasa daga ƙaho, tsaki-tsaki, baƙi, yana taɓa fata ya bar shaida. Sai ya sa aka kawo tsingaro biyu, aka kai tsakiyar fili nesa da danga, ya ɗibi kowanne da bakin yatsu biyu, ya rufe kwalba da ƙaho ya mayar ɗaki, sannan ya kunna kan dogon kara. Nasa ya yi fuu, kafin ƙiftawar ido ya ɓace, hayaƙi ya turnuƙe. Na kwalbar kuwa ya kama a kasalance, ya riƙa ci da harshen wuta ruwan ɗorawa, har mutum ya iya ƙirga ɗaya, biyu, uku, hayaƙin ma da ƙyar ake ganinsa.

"Baba, ai wannan ba shi da ƙarfi," na ce.

"Haka ɗanka ma ya ce, ko ba a faɗa mini ba."

Abin da ke cikin kwalbar garin kwanso ne, wato albarushi marar hayaƙi. Wani Bafaranshe, Paul Vieille, shi ya fito da irinsa na farko mai amfani a 1884, bayan shekara biyu sojan Faransa suka fara riƙe bindigar Lebel da aka ƙera dominsa. Sunan albarushi kawai ya haɗa shi da baƙin, amma ba dangi ba ne. Tushensa auduga ce da aka sarrafa da asid, kuma in ya ƙone kusan dukkansa iska yake zama. Halinsa da ya ruɗe ni shi ne wannan: saurin cinsa ya dogara da matsi. A fili, inda iska ke tserewa, rago ne. A rufaffen wuri kuwa, ɗan abin da ya fara ƙonewa sai ya ɗaga matsi, matsin ya ƙara wa wutar sauri, saurin ya ƙara matsi, a haka har ko dai dalma ta fita ko ƙarfe ya ba da hanya. Baƙin albarushi ba ya wannan hauka. Saurinsa a ciki da waje bai yi irin wannan nisa da juna ba, shi ya sa yake yafe ɗan kuskuren awo.

Kwanso ɗaya na bindigar farauta mai lamba 12 bai cika ɗaukar garin da ya wuce giram 2 ba, kuma yana yin aikin da a da sai baƙin albarushi wajen giram 5 ke yi. A masana'anta ake auna shi da ma'auni mai ganin ɓarin giram, don bindigar da aka ƙera da ƙarfen da zai iya da shi, mai gindi a kulle. Adaka ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan, har ma tana da ƙofa a buɗe wajen hula, kusa da ido. Babu wani awo na wannan garin da ya dace da ita, komai ƙanƙantarsa. Libarbar nan ta Italiya da yaron ya so, duk da ƙarfen zamani da gwajin da ta sha, a jikin bututunta ake buga gargaɗi cewa baƙin albarushi kaɗai za ta ci.

Akwai dalilin da ya sa iliminmu na gado bai san da wannan tarko ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani da harsashinsu cikin mafi yawan Afirka, ta bar wa mutanen ƙasa bindiga mai ƙanƙara marar zare a ciki da albarushin kasuwa. Saboda haka duk abin da kakanninmu suka tara, awon yatsu, wanki da ruwan zafi, gwajin tsingaro, a kan albarushi iri ɗaya aka gina shi. Kuma a kansa ƙa'idar daidai take: wanda ya tashi fuu ya bar tsingaro da ɗan tabo shi ne mai kyau, wanda ya tsaya yana cuu-cuu ya sha danshi, ƙarfinsa ya ragu. Dattijon da ya sayar da bindigar bai koya wa yaron ƙarya ba.

Da na koma asibiti ban tambaye shi me ya faru ba, na dai ce, "Ka gwada albarushin kafin ka ɗura?"

"Na gwada, Kawu, yadda dattijon mai bindigar ya nuna mini. Na ga yana ci a hankali, na ce damina ta taɓa shi."

"Sai ka yi yaya?"

"Sai na zuba mudu biyu."

Ashe maharba sun yi rabin gaskiya. Ya cika mata ciki, amma ba don gaggawa ko sakaci ba. Da yaro ne marar bin ƙa'ida, wanda ba ya gwaji, da mudu ɗaya zai zuba, ko da yake shi ma ɗayan ba shi da tabbas. Ya ce a kasuwar ƙauye ya saya, wurin wani mai kayan koli. Iri biyu ya tarar. Mai kayan ya ce masa wannan ɗan waje ne, ba hayaƙin da zai tona wa biri inda kake, ba wankin bindiga, kuɗinsa kuma ya kusa ninka na baƙin sau uku. Shi kuwa tun yana ƙarami yake jin araha ba ta ado, ga sabuwar bindiga, ya ga bai kamata ya yi mata rowa ba.

Ranar kasuwa muka je da Baba da mutum biyu daga ƙungiyar maharba. Na yi tsammanin ganin mugu, sai na tarar da mutumin da bai taɓa jan kunama ba a rayuwarsa. Wasu tsofaffin kwanso ya saya a arha, waɗanda danshi ya sa gindinsu ya yi tsatsa, hularsu ta mutu, ba mai son su. Don kada ya yi asara sai ya farke su da wuƙa, ya sayar da dalmar daban, ya zuba garin a kwalabe. A ganinsa, abin da ya fito daga harsashin Turawa dole ya fi na gida. Tsofaffin maharba da ya yi wa talla suna murzawa a hannu suke ajiyewa su wuce, ba wanda ya tsaya ya gaya masa dalili, wannan kuwa laifi ne da Baba ya ɗora wa 'yan'uwansa a bainar jama'a. Waɗanda suka saya mutum uku ne, duka samari, duka sababbin shiga.

Maƙwabcin da aka zarga da jifa shi ya ba da babur ɗinsa aka bi sauran biyun, don ɗayan ɗan ƙanensa ne. Na farko bai ko buɗe kwalbarsa ba. Na biyun mun same shi da la'asar, ya riga ya ɗura bindigarsa ya jingine ta a bayan rumbu, yana jiran birai da asuba. Da ya ji bayani sai ya miƙa hannu zai ɗauke ta ya harba sama don ya huce da ita. Baba ya daka masa tsawar da ta sa ya ja da baya. Ya cire hular da kansa, ya sa kowa ya koma bayan bindigar, ya cika bututun da ruwa, sannan ya zaro tsumma da dalma da sanda mai ƙugiya, bai bari kansa ya zo saitin bakin ba. Da laka-lakan garin ya fito, saurayin ya ce ai shi ke nan, ruwa ya kashe shi. Baba ya ce baƙin albarushi ne ruwa ke kashewa, don gishirinsa narkewa yake, wannan kuwa in ya bushe zai koma yadda yake. Ya kwashe shi tas a leda, ya haɗa da kwalaben da aka karɓo daga mai koli da na samarin, washegari shi da sakataren ƙungiya suka kai ofishin 'yan sanda aka rubuta.